Me ya sa Tamiflu ke kama birus ɗin mura, amma ba mu da irinsa don awaki?

Bayan taron ƙungiya da muka yi a farkon sanyin bana, wani dattijo ya tare ni a bakin rumfa ina shirin hawa babur. Awakinsa bakwai ne suka mutu cikin kwana goma da annobar nan ta awaki da tumaki da muke kira PPR, kuma sai da ya ƙarar da kwalba uku ta allurar oksi a kansu. Ya ce: "Likita, kullum cewa kuke wannan ciwo ba shi da magani sai shasshawa. To ai lokacin murar kaji mun ji a rediyo akwai ƙwayar da ake ba mutum in ya kamu. Lokacin korona ma mun ji an yi. Su waɗannan ba birus ba ne? Ko dai awakin talaka ne ba a yi wa?"

Na ce: "Baba, tambayarka tana bisa hanya, sai dai amsarta ba ta tsaye ba ce." Na faɗa masa abin da ya samu a gurguje, na tafi ban gamsu da bayanina ba. Ga amsar yanzu a zaune, gare shi da duk wanda ya taɓa zuba kuɗinsa a kwalba kuma dabbar ta mutu. Zan bi ta kan maganin mura, domin shi ne aka fi sanin aikinsa ciki da waje, kuma maganarsa ta taɓa zuwa har ƙofarmu: a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar kaji mai suna H5N1 a Magarya, makonni kaɗan bayan ta ɓulla a wata gonar kaji a jihar Kaduna.

Bakteriya daban, birus daban

A Hausa suna ɗaya muke kiransu da shi, ƙwayoyin cuta, amma iri biyu ne da ko dangi ba su haɗa ba. Bakteriya, irin masu kawo ciwon saifa da harbin daji da ciwon huhun shanu, halitta ce mai riƙe da kanta. Tana ci, tana girma, tana rabewa gida biyu ta hayayyafa, kuma kayan aikinta suna cikin cikinta. Birus kuwa, irin masu kawo PPR da boru da murar kaji da haukan kare, ba ta ci ba ta sha. Ɗan ƙunshi ce kawai: umarnin yadda za a ƙera irinta, naɗe cikin riga. Sai an jera birus ɗin mura wajen 10,000 kafin su kai milimita ɗaya, shi ya sa madubin da muke duba jini da kashi da shi a ɗakin bincike ba ya nuna ta.

Jikin dabba, kamar na mutum, an gina shi da ƴan ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani. Zan riƙa ce musu ɗakunan halitta. A cikin kowane ɗaki akwai masaƙa mai saƙa furotin, wato kayan da ake gina jiki da su, ake kuma tafiyar da shi. Birus ba ta da masaƙa. Shiga take yi cikin ɗakin akuya ta miƙa umarninta, sai masaƙar akuya ta bar aikinta ta koma saƙa mata ƴaƴa, ɗaruruwa har dubbai daga ɗaki guda.

A nan ne kuɗin dattijon suka salwanta. Oksitetrasikilin, wadda muke taƙaitawa oksi, tana shiga cikin bakteriya ta je ta maƙale a wani lungu na masaƙarta, daidai inda zare ke shiga, sai saƙa ta tsaya, bakteriya ta kasa girma. Siffar wannan lungu ce ta dace da oksi. Masaƙar akuya tana da wata siffa daban, shi ya sa allurar ba ta tsayar da ita, kuma da masaƙar akuya birus take aiki. Ke nan ko ka juye kwalbar duka, oksi ba ta da wurin kamawa a jikin birus. Irin wannan dalili ne ya sa fenisilin ba ya taɓa ciwon huhun shanu duk da cewa bakteriya ce ke kawo shi: aikin fenisilin hana bakteriya gina katangarta, ita kuwa ƙwayar ciwon huhu ba ta da katanga tun asali.

Kada a fahimce ni a baibai. Akuyar da PPR ta raunana, bakteriya kan biyo baya su sauka mata a huhu, kuma a nan oksi tana da rana in ma'aikacin lafiyar dabbobi ya ga ya dace. Masu biyo bayan take kashewa. Wadda ta buɗe musu ƙofa tana nan.

Wahalar masu haɗa maganin birus ke nan: ɓarawon da kayan mai gida yake aiki, in ka lalata kayan mai gida ka cuta. Sai dai kowace birus tana zuwa da ƴan kayan aiki na kanta waɗanda ɗakin halitta ba shi da irinsu. Birus ɗin mura furotin goma da ƴan kai ne gare ta duka-duka. A cikinsu ake neman wanda za a kama, kuma galibi irin wanda ake kira anzim ne.

Anzim

Anzim furotin ne mai sana'a ɗaya. Wani yanka yake yi, wani haɗi, wani kwafin umarni. Kun san shi ko da ba da wannan suna ba: abin da ke daskarar da nono a cikin ɗan akuya mai shan mama, wanda masu yin cuku ke amfani da shi, anzim ne.

In masaƙa ta fitar da anzim, a miƙe yake fitowa kamar zaren carbi. Duwatsun da ake jerawa a zaren iri 20 ne, ana kiransu amino asid, kuma halinsu ya bambanta. Akwai manya akwai ƙanana. Wasu suna son ruwa, wasu suna gudunsa kamar mai. Wasu suna ɗauke da caji irin na kan batir mai alamar ƙari, wasu irin na gindinsa mai alamar ragi, kuma ƙari da ragi janyo juna suke yi kamar maganaɗisu. Saboda wannan jan juna da gudun juna, zaren ba ya zama a miƙe. Naɗewa yake yi ya dunƙule, kuma kullum dunƙulewa iri ɗaya, har ya zama curi mai tsawo da faɗi da zurfi, mai tudu da kwari. A wani wuri a jikin curin akwai ɗan gurbi, nan ne bakin aiki. Abin da za a yanka sai ya shiga gurbin ya zauna daram kafin a yanka shi, kamar yadda kowace wuƙa ke da kubenta.

Abin lura shi ne duwatsun da suka yi bangon gurbin ba maƙwabta ba ne a kan zare. Wani yana can farko, wani yana tsakiya, wani yana kusa da ƙarshe, naɗewa ce ta kawo su wuri ɗaya. Don haka sanin jerin duwatsun kaɗai bai isa ba, sai an ga curin kansa. Kuma in naɗin ya warware, aiki ya ƙare ko da duwatsun suna nan cikakku. Farin ƙwai da aka dafa shi ne misali: ba a cire masa komai ba, zafi ne ya warware naɗin furotin ɗinsa, kuma ba ya komawa yadda yake.

Wuƙar da ke yanke dangwali

A jikin rigar birus ɗin mura akwai ƙayoyi iri biyu, kuma daga gare su sunan H5N1 ya fito. H ita ce hemaglutinin, N kuma nuraminidaz, lambobin suna nuna ko wane iri ne. H ƙugiya ce. Ɗakunan halittar hanci da maƙogwaro da huhu suna lulluɓe da wani nau'in sukari mai suna siyalik, shi H ke kamawa don birus ta samu shiga.

Bayan ƴan awoyi sababbin birus sun gama ƙeruwa, suna turowa waje ta bangon ɗakin. Sai ƙugiyar da ta taimaki uwarsu shiga ta zame musu matsala: ta sake kama sukarin da ke bangon, ta kama na jikin ƴan uwanta. Kamar maruƙa ne a dangwali, sun ƙosa su tafi, igiya ta riƙe su. N ita ce wuƙar da ke yanke igiyar. Anzim ce mai sana'a ɗaya, datse siyalik daga inda yake maƙale. In ta yanke, sababbin birus su watse su shiga ɗakunan da ke gaba, su bi majina da tari su kai ga wani. Tana kuma taimaka musu ratsa majinar kanta, wadda ita ma cike take da wannan sukari.

Kowace ƙayar N tana kama da naman kaza: doguwar sanda, a samanta kawuna huɗu manne da juna. Kowane kai dunƙulallen sashe ne na wani zare mai duwatsu wajen 470, kuma a tsakiyar kowane kai akwai gurbi ɗaya mai zurfi. A gefe ɗaya na gurbin akwai duwatsu uku iri ɗaya, ana kiransu arjinin, masu cajin ƙari, na 118 da na 292 da na 371 a lissafin zare. Su ne ke damƙe wani sashe na siyalik mai cajin ragi, su ɗan lanƙwasa shi, sannan a datse.

Wanda ya toshe wannan gurbi ya hana wuƙar ci. Birus za ta shiga ɗaki ta hayayyafa, amma ƴaƴanta su tsaya cunkushe a bakin ƙofa.

Yadda aka ga gurbin, aka ƙera abin toshe shi

Tun cikin shekarun 1970 masana sun san wani sinadari mai kama da siyalik da ke ɗan rage aikin N, amma kamunsa sako-sako ne, bai isa magani ba. Lalube suke yi a duhu, domin ba wanda ya taɓa ganin gurbin. A 1983 wasu masana uku a Ostireliya, Peter Colman da Jose Varghese da Graeme Laver, suka fitar da cikakkiyar siffarsa. Dabarar ita ce a yanko kawunan N masu yawan gaske, a tace su, a lallaɓa su har su jeru su daskare kamar ƙwayar gishiri. Sai a haska wannan ƙwaya da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a likita. Hasken yana tarwatsewa ya bar ɗige-ɗige, daga ɗige-ɗigen ake lissafa inda kowane dutse yake. Wasu daga cikin ƙwayoyin da suka fi kyau ma daga birus ɗin tsuntsayen teku Laver ya samo su, a tsibiran gabas da Ostireliya, domin tsuntsayen ruwa su ne gidan asali na birus ɗin mura.

Hoton ya nuna abu ɗaya mai daraja. Bayan kan N yana sauyawa daga wannan irin mura zuwa wancan, shekara bayan shekara, amma cikin gurbin kusan ba ya motsi. Dalili a bayyane yake: sukari ɗaya duk suke yankawa, wadda ta ɓata gurbinta ta ɓata wuƙarta.

Daga nan wata tawaga a birnin Melbon ƙarƙashin Mark von Itzstein ta sa siffar gurbin a kwamfuta tana auna kowane lungu. Suka gano cewa in siyalik ya zauna, akwai ɗan aljihu a ƙasan gurbin da yake bari fanko, kuma bangon aljihun cajin ragi gare shi. Sai suka ɗauki tsohon sinadarin nan mai sako-sako suka ɗaura masa ɗan reshe mai cajin ƙari, daidai girman aljihun. Ƙarfin kamun ya ninka sau dubbai. An bayyana sakamakon a 1993, kuma a 1999 ya fito kasuwa da sunan zanamibir, ko Relenza. Yana shiga gurbin kamar shi ne siyalik, arjinin uku su damƙe shi, reshensa ya nutse cikin aljihu, sai wuƙa ta nemi wurin yanka ta rasa. Mabuɗi ne da ya shiga kwaɗo ya ƙi juyawa ya ƙi fita.

Jikin mutum ma yana da nasa anzim masu yankan siyalik, amma gurbinsu ba shi da wannan aljihu a wannan siffa, don haka maganin kusan ba ya kula su. Wannan bambanci na ɗan lungu shi ne tsakanin magani da guba.

Zanamibir yana da aibi ɗaya: son ruwansa ya yi yawa, hanji ba ya tsotsarsa, sai dai a shaƙa. Kamfanin Gilead na Amurka ya sake duba gurbin ya bi wata hanya. A maimakon wani reshe mai son ruwa, suka sa reshe mai maiƙo. Da farko kamar ba shi da wurin zama, amma ashe gurbin ba kamar turmi yake ba, yana ɗan motsi. In maganin ya shigo, dutse na 276 yana juyawa gefe ya buɗe wani ɗan aljihu mai maiƙo, reshen ya shige. Wannan shi ne oseltamibir, wanda aka sani da Tamiflu, shi ma 1999 ya fito. An kuma sa masa ƴar hula da ke taimaka masa ratsa hanji, sai ya isa hanta a cire hular ya fara aiki. Ku riƙe maganar dutse na 276, za mu dawo kanta.

Abubuwa biyu suna fitowa daga wannan bayani. Na farko, maganin ba walda yake yi da gurbin ba. Yana kamawa, ya daɗe, ya saki, wani ya maye gurbinsa. Sai yawansa a jini bai yi ƙasa ba gurabun ke zama a toshe, shi ya sa ake shansa safe da yamma har kwana biyar ba tsallake. Na biyu, ba ya kashe birus ko ɗaya. Yaɗuwa yake hanawa har sojojin jiki su gama shiri su share saura. Don haka amfaninsa yana cikin kwana biyun farko na ciwo. In birus ta riga ta cika huhu, toshe wuƙar ya zo a makare.

Maganin korona da dattijon ya ji labari, Paxlovid, wanda ya fito a ƙarshen 2021, a kan wannan tunani aka yi shi, sai dai anzim ɗin daban ne: birus ɗin korona tana saƙa furotin ɗinta a dogon zare guda, tana da almakashin da ke yayyanka shi, bakin almakashin aka toshe. Haka ma wasu daga cikin magungunan sida. Kowanne da gurbinsa. Tamiflu ba ya taɓa korona, Paxlovid ba ya taɓa mura, kuma duka biyun ba sa taɓa PPR, wadda danginta su ne ƙyanda da bushiya.

In gurbin ya sauya

Birus ɗin mura ba ta iya kwafi ba. Duk lokacin da take hayayyafa tana yin kuskure, wani dutse ya maye gurbin wani. Yawancin kurakuran kashe ta suke yi ko su bar ta yadda take. Amma akwai ɗaya da ya zama sananne. A bayan dutse na 276 akwai na 274. In aka musanya shi da wani dutse da ya fi shi girma, sai ya tokare na 276 ya hana shi juyawa. Aljihun maiƙo ba ya buɗewa, reshen Tamiflu ya rasa wurin shiga, ƙarfin kamunsa ya ragu sau ɗaruruwa. Wuƙar kuwa tana ci gaba da yanka, domin siyalik ba ya bukatar wannan aljihu. Zanamibir ma ba ya bukatarsa, saboda ya fi kama da siyalik na asali, don haka shi yana nan yana aiki. Dutse ɗaya cikin wajen 470.

An ga wannan sauyi a 2005 a jikin masu fama da H5N1 a Biyetnam da ake ba Tamiflu. A sanyin 2007 zuwa 2008 kuma ya bayyana a murar mutane ta H1N1, aka fara lura da shi a Norway, inda wajen kashi biyu cikin uku na samfuran da aka auna suka ƙi jin maganin, alhali ƙasar ba ta cika shan sa ba. Kafin shekara ta zagayo ya game duniya. Sa'a aka yi, sabuwar H1N1 da ta ɓulla a 2009 ta ture waccan, kuma ita tana jin Tamiflu.

Birus mai sauyi tana iya tasowa ko ba magani, amma inda magani yake kaɗan-kaɗan, nan ne take samun fili: masu jin magani su tsaya, mai taurin kai ta gaje wurin. Akwai tsohon maganin mura mai araha, amantadin, wanda shi ba anzim yake toshewa ba, wani ɗan bututu ne a rigar birus, amma shi ma da dacewar siffa yake aiki. A 2005 rahotanni suka fito cewa masu kiwon kaji a ƙasar Sin sun daɗe suna zuba shi a ruwan shan kaji, kuma a lokacin H5N1 da ke yawo a kudu maso gabashin Asiya ta riga ta daina jin sa. Yau kusan duk murar da ke yawo tsakanin mutane ba ta jin amantadin. A 2006 Amurka ta haramta ba kaji da talotalo da agwagi waɗannan magunguna, har da Tamiflu.

A ganina wannan shi ne wurin da maganar ta fi shafar mai kiwo. Ranar da murar kaji ta sake zagayowa, za a samu mai yawo da ƙwayoyi a kasuwa yana cewa na mura ne, a jiƙa wa kaji. In na jabu ne, an ci kuɗinka. In na gaske ne, abin ya fi muni: kajin ba za su tsira ba, kuma a cikin akurkinka ake horar da birus ɗin da za ta ƙi jin magani ranar da ɗanka ya kamu. H5N1 tana kama mutum, a farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Duk wanda ya taɓa kajin da ke mutuwa da yawa, ko ya fige su, sannan zazzaɓi da tari suka kama shi, ya je gidan likita a ranar, ya kuma faɗi maganar kajin da bakinsa, saboda kwana biyun nan da na ambata.

To, awakin fa?

Dattijon bai yi kuskure duka ba da ya kawo maganar talaka. Ilimin yana nan. An san siffar wasu anzim na birus ɗin boru, an ma gwada wasu sinadarai a kan dabbobi a ɗakunan bincike, amma ba ko ɗaya da ya kai kasuwa. Dabbar da ta samu maganin birus na gaske ita ce kyanwa: akwai wani ciwon ciki mai kisa da wata birus dangin korona ke sa mata, kuma a Ingila da Ostireliya tun 2021 ana warkar da shi da wani magani mai yaudarar anzim ɗin kwafi. Mako goma sha biyu ake yi ana ba ta kullum. Mai kyanwa ɗaya a Landan zai iya, mai awaki arba'in a daji ba zai iya ba, kuma kamfani ba ya kashe shekaru goma da dukiya a kan abin da ba za a saya ba.

Amma ko da kuɗin sun samu, akwai sauran cikas. Maganin birus yana son a fara shi da wuri, PPR kuwa tana kwana huɗu zuwa shida a jiki kafin alama ta fito, kuma kafin ka ga hawaye da majina da zawo a akuya ɗaya ta riga ta raba wa garke a mashaya. Sai a ba kowace dabba, sau biyu a rana, bisa nauyinta. Sai a jira ragowar maganin ya fita daga nono da nama. Kuma garke dubbai masu shan magani rabi-rabi su ne makarantar birus mai taurin kai.

Shasshawa ma da siffa take aiki, sai dai jikin dabbar ne ke ƙera mabuɗin da kansa. Ana sa mata birus da aka raunana, sojojin jiki su ga siffar ƙayoyinta, su ƙera furotin da ke kama su daram, su kuma ajiye awon. A nan mun yi dace da PPR: ƙayoyinta iri ɗaya ne a idon sojojin jiki ko'ina a duniya, don haka allura ɗaya tana kare akuya aƙalla shekara uku. Boru kuwa iri bakwai ce, wadda aka yi wa rigakafin wani iri tana iya kamuwa da wani, shi ya sa rigakafinta ke da wuyar sha'ani. Bushiya da kakanninmu suka yi kuka da ita, da shasshawa aka gama da ita ba da ƙwayar magani ba, aka bayyana ƙarewarta a duniya a 2011. A taron Abijan na 2015 aka sa wa PPR wa'adin 2030.

Tunda siffa ce, zafi yana ɓata ta kamar yadda yake ɓata farin ƙwai. In kun ga muna hana a buɗe akwatin ƙanƙara, ko muna zubar da ragowar allurar PPR da aka haɗa da ruwanta ta wuce awa biyu, ba rowa ba ce ba kuma ɓarna ba. Allurar da ta sha rana ruwa ce kawai. Kuna da damar tambayar mai yi muku shasshawa yaushe ya haɗa kwalbar da ke hannunsa.

Awakin dattijon da suka kamu suka tashi ba za su sake yin PPR ba har ƙarshen rayuwarsu, jikinsu ya riga ya ɗauki awon. Ƴaƴan da za su haifa za su samu kariya daga dakashi, amma ta wata uku ce zuwa huɗu, daga nan ta ƙare. Su ne zai fara kaiwa in masu shasshawa sun zo, tare da duk wadda ya sayo a kasuwa, bayan ya ware ta daga garke na mako uku.